Shaidar Tsohon Mai Riƙe da Sito: Yadda Manajoji Ke Rufe Bakin Ma'aikata a Injinan Shinkafar Kebbi

Yawancin rayuwata ta aiki a cikin ƙurar shinkafa na yi ta, tsakanin Birnin Kebbi, Jega da Argungu. Na fara da rubuta buhuna a bakin sikeli, na riƙe sito, daga baya na koma ofishin akanta inda albashi da takardun ma'aikata ke bi ta hannuna. Ba a manyan kamfanonin da kowa ya sani na yi aiki ba. Matsakaitan injina ne, masu ma'aikata talatin zuwa sittin ban da 'yan dako, mai wurin Alhaji ɗaya ne, manaja kuma sau da yawa ɗansa ne, ko ɗan ƙanensa, ko surukinsa. Mai riƙe da littafi yana jin abin da manaja ba ya ji, domin kowa ta gabansa yake wucewa kuma ba mai tsoronsa. Abin da zan faɗa shaida ce a kan manajojin da na zauna a ƙarƙashinsu da waɗanda na gani a maƙwabta. Ba zan kama sunan kowa ba.

Duk ɗan Kebbi ya san yadda harkar ta bunƙasa. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers. A ƙarshen 2016 shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa, a 2017 aka buɗe babban injin WACOT a Argungu, a watan Agusta na 2019 kuma aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafar gida ta yi daraja. Duk mai kuɗi ya yi odar inji daga Indiya ko China. Inji kan iso cikin 'yan watanni, amma wanda zai iya riƙe mutane arba'in ba a odarsa. Sai aka riƙa ɗora yaran da suka gama karatu jiya a kan dattawan da suka yi shekaru suna gumi da casa.

Kurakuran manajojin nan iri-iri ne, amma duk wuri ɗaya suke kaiwa: ma'aikata su daina faɗa wa manaja gaskiya. Gaisuwa ba ta raguwa, "ranka ya daɗe" ma ƙaruwa take yi. Labari ne yake daina zuwa ofis.

Mafi muni a cikinsu shi ne ɗora asarar kamfani a kan ƙaramin ma'aikaci ba tare da lissafi ba, kuma a sito aka fi yin sa. Shanshera da ake kwasowa daga Suru, Augie, Bunza ko Yauri a lokacin kaka sau da yawa da danshinta take zuwa, kashi 18 ko 20 cikin 100, wani lokaci fiye. Kafin a ajiye ta lafiya sai ta sauka zuwa kashi 14. Ruwan da ya fita nauyi ne ya fita. Lissafin ba wuya: a ɗauki nauyin da aka saya, a ninka da abin da ya rage in an cire danshin saye daga 100, a raba da abin da ya rage in an cire danshin ajiya daga 100. Tirela mai kilo 30,000 da ta shigo da danshi kashi 20, in ta bushe zuwa 14, kilo 27,907 za a samu. Sama da tan biyu sun tafi, ba wanda ya taɓa ko ƙwaya. In kuma akwai ƙasa, tsakuwa da ƙaiƙayi kashi 2 cikin 100, ga wasu kilo 600 nan. Manajan da bai san wannan ba, ko ya sani amma yana tsoron yi wa Alhaji bayani, sai ya ƙirga sito a ƙarshen wata ya ce buhu ashirin da wani abu sun ɓace. Daga nan sai yanke albashin mai sito da maigadi, wani lokaci har da kiran 'yan sanda.

Na ga an yi wa wani maigadi haka, dattijo ne da ya haura sittin. Da aka miƙa masa rabin albashinsa bai ɗaga murya ba. Ya ƙirga kuɗin a gaban kashiya, ya sa a aljihu, ya ce wa manaja, "Yallaɓai, wanga buhu da kaka cewa ya fita, ta wace ƙofa yaf fita? Ƙofa guda muke da ita, makulli kuma yana hannunka." Manaja ya ce ba ya son gardama. Daga wannan watan maigadin ya daina faɗin wace mota ce ta shigo da dare, ya daina faɗin direban da ke zuƙe man gas. In an tambaye shi sai ya ce bai lura ba.

Ɓarnar ba ta tsayawa a nan. Mai siton da aka yanke wa albashi a kan ruwan da rana ta shanye zai nemi hanyar kare kansa, kuma hanyoyin sanannu ne. Zai haɗa baki da mai sikeli a riƙa rage wa manomi kilo ɗaya ko biyu a kowane buhu don a tara rarar da za ta toshe giɓi. Ko a riƙa ɗinke buhun kilo 50 da kilo 49 da rabi. Mutumin da ya shigo da amanarsa, manaja da kansa ya koya masa ha'inci, kuma ranar da manoma ko dillalai suka gano, sunan kamfanin ne zai ɓaci. Maganin kuwa ba tsada. Kowace mota a soki buhuna daga sama, tsakiya da ƙasan lodi, a auna danshi da na'ura, a tankaɗe samfuri a ga yawan datti, a rubuta duka biyun a kan takardar karɓar kaya. Mai sayowa, mai sikeli da mai sito duk su sa hannu. Kowane lodi a ba shi lambarsa, a jera shi daban. In an zo ƙidaya, a fara cire abin da lissafi ya ce zai ragu, abin da ya wuce nan shi ne abin bincike. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ba ta yarda a ci ma'aikaci tara daga albashinsa haka kawai ba. In asara ce da ya jawo da gangan ko da sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Manajoji kaɗan ne na gani da suka san da wannan.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne alkawarin da manaja ke yi wa mai gida bisa jahilci. A kilo 100 na shanshera, ɓuntu kaɗai yana ɗaukar kusan kilo 20, dusa takwas zuwa goma, abin da ya rage na shinkafa har da karyayya sittin da 'yan kai ne in an yi dace da iri mai kyau kamar FARO 44 kuma an busar da shi daidai. Sai manaja ya je falon Alhaji ya ce zai fitar da saba'in. In wata ya ƙare lissafi bai kai ba, ba zai koma ya ce shi ya yi kuri ba, ofaretoci ne ɓarayi.

Sai hukunta mai kawo mummunan labari. Ofareta mai gwaninta da kunne yake aiki. Yana jin boris, wato zoben ƙarfen da sandar inji (shaf) ke juyawa a cikinsa, ya fara kuka kwanaki kafin ya ƙone, yana ganin robar injin ɓare ɓuntu ta cinye tun daga yadda shanshera ke fitowa ba ta ɓaru ba. Irin wannan mutum zai zo ya tsaya a bakin ofis da hularsa a hannu ya ce, "Yallaɓai, boris na kuka. In ba a sake shi cikin satin ga ba, zai ci shaf." Amsar da na fi ji ita ce, "Ku kullum kuɗi, kullum kuɗi. Wanda aka saya watan jiya ina yake?" A gaban kashiya da masinja ake faɗa masa haka, ma'ana ana zarginsa da sayar da kayan gyara. Zai yi shiru ya koma. Karo na biyu ma wataƙila ya zo. Karo na uku ba zai zo ba, zai ƙara giris ya bar wa Allah. Ranar da boris ya ƙone ya ci shaf, aikin da zai ɗauki awa biyu da kuɗi kaɗan ya koma na kwana huɗu ko biyar, ana jiran kaya daga Kano, shinkafar da aka riga aka jiƙa tana tsami a tanki, ana biyan ma'aikata suna zaune. Abin takaicin, shi ofaretan za a ba takardar tuhuma a kan me ya sa bai faɗa ba.

In manaja yana zargin ana cuwa-cuwa da kayan gyara, akwai hanyar da ba ta zubar da mutuncin kowa. A ajiye littafi a jikin kowane inji, a rubuta ranar da aka sa sabon boris, bel, roba ko rariya, da yawan tan da aka casa tun daga ranar. Duk wanda zai karɓi sabo ya kawo tsohon. Cikin wata uku manaja zai san tan nawa roba ɗaya ke ci a injinsa, ba sai ya zargi kowa da baki ba.

A sashen gumi wannan shiru ya fi tsada. Ruwan jiƙo yana son zafi tsakanin digiri 60 zuwa 70. In mai hura tukunyar tururi ya bari wuta ta yi sanyi da tsakar dare, ruwa ya huce, shanshera ta daɗe a ciki, sai ta ɗauki wari. In tururi ya yi yawa ta yi duhu, in an busar da ita da gaggawa ƙwayar ta tsage ta karye a injin casa. Duk wannan yana faruwa ko a wurin gwanaye. Inda ma'aikata ba sa tsoro, shugaban aikin dare zai tari manaja da safe ya ce tanki na uku ya samu matsala, a ware shi a sayar a farashinsa. Inda suka san yanke albashi ne zai biyo baya, sai su cakuɗa mai warin da mai kyau kafin gari ya waye. Ba mai sani sai buhu 600 sun isa Legas ko Anaca, dillali ya buɗe biyar ya ji wari ya ce a zo a kwashe mota guda.

Akwai kuma manajan "ni ban ce ba". Da baki zai ba da umarni, a tsaye, yana shirin shiga mota: a ba wa wane buhu ɗari bashi, a ƙara karyayya kaɗan a lodin gobe, a bar injin cire tsakuwa yau don a yi sauri. In abin ya yi kyau shi ne mai dabara. In dillali ya gudu da kuɗi ko kwastoma ya tauna tsakuwa, sai ya dubi ma'aikaci a gaban Alhaji ya ce, "Yaushe na ce maka haka?" Sau ɗaya tak ake yi wa mutane wannan. Daga ranar ba wanda zai motsa sai an rubuta, aiki ya yi nauyi, manaja kuma ya riƙa kukan ma'aikatansa ba su da himma. Shawarar da nake ba yaran da ke shiga sito ita ce kada buhu ya fita sai da takarda mai sa hannu, ko da Alhaji ne ya aiko. In ta waya aka ba da umarni, a tura saƙo nan take, "Yallaɓai, kamar yadda ka ce, na ba wa wane buhu kaza," a bar shi a waya. Manajan kirki ba ya jin haushin wannan, shi ma kariya ce gare shi.

Batun albashi kuwa, ba jinkirin ne ya fi cin rai ba, ƙaryar da ke tare da shi ce. Ma'aikacin injin shinkafa ya san akwai lokacin da kuɗi ke maƙalewa a hannun dillalai, ya san in kaka ta zo duk abin da ke asusu shanshera ake saye da shi. In an tara mutane ranar 25 ga wata an ce albashi zai kai 10 ga watan gobe, ga dalili, ga rabin da za a iya bayarwa yanzu, za su yi gunaguni amma za su shirya, kowa ya je ya lallashi mai shago da mai gidan haya. Abin da manajoji ke yi shi ne "gobe in sha Allahu". Gobe ta zo a ce banki ne, jibi a ce Alhaji ya yi tafiya. Magidanci ya ɗauki wannan goben ya kai wa matarsa, ya kai wa mai shago, ya zama maƙaryaci a unguwarsu saboda maganar wani. Ga shi kuma ba abin da ke ɓoyuwa: in manaja ya riga ya cire nasa albashin da alawus, kashiya ya sani, kuma abin da kashiya ya sani kafin azahar 'yan dako sun ji.

Farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira bayan canjin kuɗi, ya tona asirin manajoji da dama. 'Yan dako a kan buhu ake biyansu, kullum da yamma, kuɗi a hannu, yawancinsu ba su da asusun banki. Na san wurin da manaja ya kira shugabansu ya ce ga tsabar da aka samu yau, a raba daidai, sauran a rubuta, wanda yake so a ba shi shinkafa a farashin kamfani a maimakon kuɗi ya faɗa, kuma kamfani zai ɗauki cajin mai POS. Ba wanda ya bar wurin. Na kuma san inda manaja ya riƙa sulalewa ta ƙofar baya kafin la'asar, ya bar kashiya da mutum talatin a bakin taga. Da kuɗi suka wadata, motocinsu sai su kwana biyu ba a sauke ba, domin 'yan dako sun koma inda aka mutunta su.

Kuɗin ƙarin lokaci ma haka. A lokacin da kasuwa ta buɗe ana aikin awa goma sha biyu, ana cewa "za a duba ku". Kalmar nan ba ta da adadi. A ajiye rajista a bakin ƙofa, lokacin shiga da na fita, a faɗi nawa ne awa ɗaya tun kafin a fara, a biya tare da albashi a rubuce daban. Na fansho ya fi wannan muni, don shi cin amana ne tsagwaronsa. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, ya ƙara kashi 10 nasa, ya tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wasu suna cire takwas ɗin a takarda, ba sa tura komai. Yanzu kuwa saƙo ke shigowa waya in an tura, ma'aikaci yana gani in bai shigo ba. Haka da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yuli na 2024, tun da dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, sai wasu suka rubuta ashirin da huɗu a littafi, sauran aka kira su 'yan wucin gadi, alhali wani ya shekara biyar yana zuwa kullum. Mutanen nan sun san abin da aka yi musu ko ba su iya karatu ba. Akwai kuma inda Alhaji zai ce a ba kowa buhu ɗaya na azumi ko na Sallah, manaja ya mayar da shi rabin buhu, ko ya ba wa na kusa da shi kawai. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Direban Alhaji ne ke fasa ƙwan, kullum.

Tsawa a bainar jama'a ba sai na daɗe a kanta ba, kowa ya san ta. Abin da matasan manajoji ba sa ganewa shi ne a ƙasar nan muƙami ba ya goge shekaru. Mutumin da kake kira da gatsal a filin shanya, wataƙila limamin unguwarsu ne, wataƙila surukin wanda ke tsaye kusa da shi ne. Ka ce masa Baba ko Malam, ka ja shi gefe, ka faɗa masa laifinsa komai girmansa, zai karɓa. Ka zage shi a gaban sa'o'in 'ya'yansa, ko kana da gaskiya ka rasa duk wanda ya ji. In laifin ya kai na hukunci, tsarin a bayyane yake: takardar tuhuma da ta faɗi abin da ya faru da rana da lokaci, a ba shi kwana ɗaya ko biyu ya amsa, in bai iya rubutu ba a rubuta masa a karanta masa a gaban shaida, a saurare shi, sannan a yanke. Kuma laifi iri ɗaya hukunci iri ɗaya.

A nan ne son kai ke shigowa. Ɗan'uwan manaja ya zo ƙarfe tara ba a ce komai, wani ya makara da minti goma a rubuta shi. Adibas ɗin albashi, wani ya nema don matarsa na asibiti a ce babu kuɗi, washegari a ba wa wani don zai canza waya. Injinan Kebbi kuma haɗaka ce: ga Kabawa da Fulani, ga Zabarmawa daga wajen Kamba da Dandi, ga mutanen Zuru da Yauri, ga injiniyoyi daga kudu. Jadawalin aiki shi ke nuna adalcin manaja. In kullum mutane ɗaya ne ke aikin dare, in ana ba wa wasu lokacin sallar Juma'a amma ana hana wasu safiyar Lahadi, ko a watan azumi a bar masu azumi a bakin tukunyar tururi da tsakar rana alhali akwai yadda za a juya, ba sai an yi magana ba, an riga an raba ma'aikata gida biyu. A liƙa jadawalin wata guda a bango, dare ya riƙa zagayawa, wanda zai yi musanya da wani su rubuta. Adibas kuma a sa masa ƙa'ida ɗaya: kada ya wuce kaza na albashi, sau kaza a shekara, rashin lafiya da rasuwa su ne a gaba.

Manajan da ya ji labari ya daina zuwa masa, maimakon ya tambayi kansa dalili, sai ya naɗa 'yan rahoto. Yawanci masinja ne ko wani ƙaramin ma'aikaci da ake ɗan ba wa na goro. Cikin sati biyu kowa ya san shi, in ya doso inuwar da ake cin abinci sai hira ta koma ta ƙwallo. Shi kuma tun da dole ya kai wani abu don kada a daina ba shi, sai ya fara ƙari, ya fara sa waɗanda ba sa shiri da shi. Manaja ya koma yana yanke hukunci a kan gulma, mutanen kirki su yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Zagayen minti ashirin kowace safiya, daga sikeli zuwa tanki zuwa wurin ɗinki, yana tambayar kowane shugaban sashe me ya lalace jiya da me yake bukata yau, ya fi ɗan rahoto goma, da sharaɗin in an faɗa masa ba zai huce a kan mai faɗar ba.

Cinye yabo ƙaramin abu ne a ido, amma yana kashe zuciya. Makaniki ya yi dabarar da ta rage shan man gas na janareto, Alhaji ya zo zagaye, manaja ya ce "na gyara" makanikin na tsaye a bayansa. Ba zai sake kawo wata dabara ba.

Ranar da wani ya ji rauni kuwa, duk ma'aikata manaja suke kallo. Bel yana kama hannu, tururi yana ƙona mutum, buhu yana faɗo wa ɗan dako daga saman jeri. Na ji manajan da tambayarsa ta farko ita ce, "Injin bai lalace ba ko?" yaron na zaune a ƙasa riƙe da yatsunsa. An kai shi asibiti, an biya kuɗin ranar farko, daga nan aka ce sakacinsa ne. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, daga aljihun kamfani ba na ma'aikaci ba, da kai rahoton rauni cikin kwana bakwai. Inda ba a yi rajista ba, ɗawainiyar tana komawa kan kamfani, manaja kuma ya fara neman hanyar zillewa. Murfin bel da aka cire don saurin gyara ba a mayar ba, takunkumin ƙura da safar hannu da aka ce sun yi tsada, duk sai a ranar ake tuna su. Bayan wannan, duk wanda aka ce ya hau saman tanki sai ya ce ƙafarsa na ciwo.

Sallama daga aiki ita ce ta ƙarshe, kuma nan ma ana yin ta ne kamar ba doka. Da yawa ba su da ko takardar ɗaukar aiki, alhali doka ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Sai mutum ya zo da safe maigadi ya ce an ce kada ya shiga. Wa'adin sanarwa a dokar ƙwadago a fili yake: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, sati ɗaya daga nan zuwa shekara biyu, sati biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye, ko a biya shi kuɗin wa'adin. Wanda aka zalunta yana da ofishin ƙwadago na tarayya da kotun ma'aikata, ko da yake yawancin mutanenmu da "Allah ya isa" suke tafiya. Idan harka ta ja baya, kamar bayan ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi shanshera ta yi wuya, rage ma'aikata kan zama dole. Yadda ake yi shi ne manaja da kansa ya kira mutum ofis, kada ya aika maigadi. Ya faɗa masa dalili, ya miƙa masa takarda mai kwanan wata. A lissafa masa a rubuce kwanakin da ya yi a watan, ƙarin lokacin da yake bi, kuɗin wa'adi, da hutun shekara da bai ci ba, wanda doka ta sa aƙalla kwana shida na aiki bayan wata goma sha biyu. A cire adibas ɗin da ake binsa, ya ga lissafin ya sa hannu. In mai sito ne ko kashiya, a ƙirga kaya da kuɗi a gabansa da wanda zai karɓa da shaida ɗaya kafin ya miƙa makulli, kada bayan wata biyu a ce an gano giɓi a lokacinsa. A ba shi takardar shaidar aiki da zai nuna a wani injin, a kuma rubuta lambar wayarsa, domin shinkafar rani na shigowa za a sake neman ofareta.